Abincin Makarantun Gwamnati A Gana: Kukan Iyaye Yana Kan Hanya, Amma Ina Tushen Matsalar?

A zangunanmu iyaye da yawa suna kuka da abincin da ake bai wa yaransu a makarantun gwamnati: shinkafa ba mai, wake ba yawa, miya kamar ruwa, kifi kuwa sai dai a ji ƙanshinsa. Wannan kuka gaskiya ne. Sai dai ya kamata mu san inda matsalar ta samo asali, don kada fushinmu ya sauka a kan wanda bai fi kowa laifi ba.

An fara shirin ciyar da 'yan makaranta a Gana a shekarar 2005, zamanin Shugaba Kufuor, da makarantu goma kacal. Yau yara fiye da miliyan 3 ne ke cin abinci mai zafi sau ɗaya a rana a azuzuwan yara ƙanana da firamare. Manufar tun farko ita ce yaro ya zo makaranta ya zauna, ya samu abinci mai gina jiki, manomin garin kuma ya samu kasuwa. Ga ɗan talaka da ya fito gida da koko kawai a cikinsa, wannan kwano shi ne babban abincinsa na yini.

To, nawa ake kashewa a kan kwanon? Shekaru da dama sidi ɗaya ne ga kowane yaro, wanda bayan cire haraji yake komawa pesewa 97. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, kuɗin kwanon bai motsa ba, har matan da ke dafa abincin suka shiga yajin aiki a 2023. Daga nan aka ƙara zuwa sidi 1.20, sannan 1.50, kasafin kuɗin 2025 kuma ya kai shi sidi 2. Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san abin da sidi biyu ke saya yau. Daga ciki za a sayi hatsi da mai da itace, a kuma biya masu taya aiki.

Ban da haka, mai dafa abinci da kuɗinta take fara saye, ko ta ci bashi, gwamnati ta biya ta bayan watanni. Wadda bashi ya yi mata katutu, me za ta fara ragewa? Ƙwai da kifi da ganye, wato ainihin abin da jikin yaro yake buƙata. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara biyar ba suna fama da ƙarancin jini. Su ne ke shiga makaranta, kuma yaro mai ƙarancin jini ba ya riƙe karatu, na boko ne ko na allo.

Saboda haka muna ganin buƙatun iyaye su tsaya a kan abu uku. A daidaita kuɗin kwano da farashin kasuwa kowace shekara. A biya masu dafawa a kan lokaci. A kuma manna jadawalin abincin mako a bangon makaranta, kowa ya gani.

Mu ma da namu aikin. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye, amma mu nawa ne muke halartar taronsu? Iyaye biyu su riƙa zuwa lokacin rabon abinci, su ɗanɗana, su rubuta abin da suka gani, a kai wa shugaban makaranta da majalisar gunduma cikin ladabi. Idan aka samu wadda aka biya ta amma ta tauye mudu, a faɗa mata gaskiya, domin abincin yara amana ne. Inda makaranta ke da fili, a shuka zogale da alayyahu da kuɓewa. Limamai kuma su tunatar da jama'a ranar taron iyaye bayan sallar Juma'a.

'Ya'yanmu ne ke cin kwanon nan, mu ne kuma za a tambaya a kansu. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin, Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.