Ana Ta Hayaniya Kan Gwangwani, Sakarin Na Wucewa Cikin 'Ya'yanmu

Tun watan Yulin 2023 ba mu huta ba. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono tsohon labarin nan ya watsa a WhatsApp: wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lemon da ba sukari yana jawo ciwon daji, a tura wa 'yan uwa don Allah. Sai ka ga Alhaji da Hajiya hankali ya tashi, an kwashe gwangwanaye daga firji. Yaron gidan kuwa, da ya fita makaranta da 'yan canji a aljihu, ba wanda ya tambayi abin da aka zuba a zoɓon da ya saya a bakin get. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga abin da aka faɗa, tunda masu tura saƙo ba sa karantawa. Cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, IARC, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sa sinadarin aspartame a rukunin 2B, rukunin abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta yi ƙarfi ba. Zargin ya fi karkata ga ciwon dajin hanta. A rana guda kuma wani kwamitin ƙwararru, JECFA, ya ce bai ga dalilin sauya ma'aunin da ya daɗe da ajiyewa ba: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 sai ya shanye fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya haura wannan iyaka. Wanda ke shan haka, ai matsalarsa ta wuce ta aspartame.

Kada masu kamfanin lemo su yi saurin tafa mini, don ban zo wanke su ba. Wata biyu kafin wannan hayaniya, a Mayun 2023, hukumar ta fitar da wata shawara da ta fi wannan nauyi, amma ba wanda ya tura ta a waya domin ba ta da ban tsoro. Cewa ta yi kada a dogara da sinadaran zaƙi irin su aspartame don rage ƙiba. Da aka tattara binciken shekaru, ba a ga sun rage kitse a tsawon lokaci ba, sai ma alamun da ke danganta daɗewa ana shan su da ciwon sukari da ciwon zuciya. An keɓe masu ciwon sukari daga wannan shawara, su tsakaninsu da likitansu ne. To in abu ba ya rage ƙiba, da wace fuska ake zana mace siririya a allon talla tana murmushi da gwangwani a hannu?

A Faransa an bi mutum sama da 100,000 na tsawon shekaru, a 2022 aka ruwaito cewa waɗanda suka fi cin waɗannan sinadarai sun ɗan fi sauran kamuwa da ciwon daji, da kusan kashi 13 cikin ɗari. A 2022 ɗin dai masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ba mutane lafiyayyu sakarin da sucralose na mako biyu, suka ga ƙananan halittun da ke hanji sun sauya, yadda jiki ke sarrafa sukari ma ya taɓu. Gaskiya a faɗe ta: irin binciken Faransa ba ya tabbatar da cewa sinadarin ne ya jawo cutar, domin sau da yawa wanda ƙiba ko ciwo ya riga ya kama shi ne ke komawa lemon "zero". Amma wanda ke sayar da abu da sunan lafiya shi ke da nauyin kawo hujja, kuma har yau bai kawo ba.

Je ka walimar biki ka gani da idonka. Mutum ya cika faranti da shinkafa, ya ɗora soyayyiyar taliya a gefe, ga cincin ga kek, sannan ya ɗaga hannu ya ce wa yaro, "Kai, kawo min wanda ba suga, likita ya hana ni." Ya sha, ya yi gyatsa, ransa fes, a ganinsa ya bi doka. Abin da tallar ta sayar masa ke nan: lasisin ci gaba da abin da ya saba. Harshensa yana nan da kwaɗayin zaƙi kamar jiya, don aspartame ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, sucralose kusan sau 600.

Duk wannan rigimar masu hali ce. Gwangwani dai an auna abin da ke cikinsa, an rubuta a jiki, ko da rubutun sai da tabarau. Zo mu sauko ƙasa, inda ba awo ba rubutu.

Sakarin ana sayar da shi a kasuwanninmu a ƙulle cikin 'yar leda, fari fat, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu bayanin yawan da za a zuba. Ya ninka sukari zaƙi sau ɗari uku ko fiye. Mai zoɓo za ta ɗibi kaɗan da bakin cokali, wata da yatsu ma, ta barbaɗa a bokiti, ta juya da ludayi, ta ɗanɗana, ta ƙara. Harshenta ne sikeli. Wanda ya sha ya san alamar: zaƙi ya fara zuwa da ƙarfi, daga baya wani ɗaci-ɗaci kamar ka lashi ƙarfe ya maƙale a maƙogwaro. Yara ba sa kula da wannan, su dai sanyi da zaƙi.

Ba cewa nake sakarin guba ba ne. Tun 1879 aka gano shi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. A 1977 ya sha zargi bayan ɓerayen gwaji sun kamu da ciwon dajin mafitsara, aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da shi, har zuwa shekarar 2000 da aka cire gargaɗin domin an gane abin da ya faru a jikin ɓera ba haka yake a jikin mutum ba. Amma wanke shi da aka yi da sharaɗi ne, sharaɗin kuwa awo. JECFA ta ajiye miligiram 5 a kan kowane kilo. Yaro mai kilo 20, rabonsa na yini miligiram 100, kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya. Yanzu lissafa mini: da safe burodi da shayi, a tara fanke, da rana zoɓo, da yamma ƙanƙara mai kala. Wa ya haɗa jimillar? Wa ma ya san ana lissafi?

Burodin ma bai tsira ba. A 2024 NAFDAC ta fito ta gargaɗi masu gidajen burodi kan sa sakarin maimakon sukari saboda tsada. An yi surutu na 'yan kwanaki, maganar ta mutu.

Ba zan zagi matar da ke zoɓo ba, kuma kada kowa ya zage ta a gabana. Da wannan bokitin take ciyar da gida. Kuɗin sukari ya yi tashin gwauron zabi, in ta ƙara farashi yara su koma wajen maƙwabciyarta, in ta rage zaƙi su ce ruwa ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ga ma'auni. Laifin na waɗanda ke karɓar albashi don su san abin da ke shiga kasuwa ne. Mun ga abin da sakaci da farar hoda ke haifarwa: a Maris na 2021 a Kano ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon gari da aka haɗa da abin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Wancan ba sakarin ba ne, amma ta ƙofa ɗaya suke shigowa, leda marar suna da mai saye da ba ya iya bambance wannan hoda da waccan. In yau wani ya cuɗa sakarin da wani abu daban, ta yaya mai zoɓo za ta gane?

Gwamnati kuwa ta iya karɓar kuɗi. A 2022 aka fara cire harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, da sunan kare lafiya. Madalla. Ina kason da aka ware don a koya wa masu zoɓo da kunun aya awo? Ina sanarwar rediyo da Hausa? Har lemon da ba a rubuta masa "zero" ba, juya kwalbar ka duba: wasu yanzu gauraye suke, sukari kaɗan sai a cike da E950 ko E951 ko E955. Uwar da ba ta yi boko ba, me E951 ke nufi a wurinta? Akwai yaran da aka haifa da larurar da jikinsu ba ya iya sarrafa phenylalanine da ke cikin aspartame, wato E951 ɗin, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a gwangwani. Da Turanci aka rubuta, ƙanana ƙanana, a inda yatsa ke rufewa.

Abin da nake nema ba ya bukatar taron bita a otal ɗin Abuja. A hana sayar da sakarin a buɗe, sai cikin fakiti mai lambar rajista da ɗan cokalin awo da bayani da Hausa. A tilasta wa kamfanoni rubuta "akwai sinadarin zaƙi" a gaban kwalba da manyan baƙaƙe. NAFDAC kuma ta aika jami'anta ƙofar makarantun firamare su sayi zoɓo da fanke da ƙanƙara kamar yadda yara ke saya, ta kai ɗakin gwaji, ta karanto mana miligiram nawa ta samu a gidan rediyo, unguwa unguwa.