Sharhi: Shin ana zuzuta matasan 'yan wasan baya fiye da kima?

Tun da William Troost-Ekong ya yi ritaya daga buga wa Super Eagles wasa a watan Disamban 2025, muhawara ta koma kan wanda zai gaje shi a tsakiyar baya. Sunan da ya fi yawo shi ne na Benjamin Fredrick, matashin da Brentford ta Ingila ta bayar aro ga Dender ta Beljiyam, wanda ya fara buga wa ƙasa wasa a 2025 kafin rauni ya hana shi zuwa gasar cin kofin Afirka a Maroko. A gidajen kallon ƙwallo na Zuru, kamar na sauran biranen Arewa, tuni wasu suka naɗa shi magaji. Sai dai tarihin matasan da aka taɓa yi wa irin wannan naɗi yana kira da a yi hattara.

Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Tawagar 2013 ta fito da Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi, ta 2015 kuma ta fito da Victor Osimhen da Samuel Chukwueze. Dukkansu 'yan wasan gaba ne. Kyaftin ɗin 2013 kuwa, Musa Muhammed ɗan Kano, mai tsaron baya ne ta dama, kuma a lokacin an yi zaton zai riƙe wa Super Eagles wannan gurbi shekaru masu yawa. Ya tafi Istanbul Basaksehir ta Turkiyya a 2015, daga nan ya zaga Bosniya da Bulgeriya da Kuroshiya, wasanninsa a babbar tawagar ƙasa kuma 'yan kaɗan ne.

Sai a kwatanta wannan da gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddebuwa a farkon 2024. Ƙwallo biyu kacal aka zura wa Najeriya a wasa shida kafin wasan ƙarshe. Biyar ɗin da suka tsare baya a wasan ƙarshen su ne Troost-Ekong, Semi Ajayi, Calvin Bassey, Ola Aina da Zaidu Sanusi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga tawagar matasan da suka ci kofin duniya. Huɗun farko a Turai suka tashi. Na biyar, Zaidu, ɗan Jega ne a nan Jihar Kebbi, kuma ba da ganga aka raka shi Turai ba. Ya yi zaman haƙuri a Mirandela, ƙungiyar da a lokacin take rukuni na uku a Portugal, ya koma Santa Clara a 2019, sannan Porto ta saye shi a 2020 yana da shekara 23. Ƙwallon da ya ci Benfica ranar 7 ga Mayun 2022 ita ta tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar.

Abin da ya jawo wannan bambanci yana cikin yanayin aikin kansa. Ɗan wasan gaba yana iya zubar da dama huɗu, ya ci ta biyar, a ɗaga shi a kafaɗa. Mai tsaron baya kuskure ɗaya ya isa ya ɓata masa minti 90. Jarinsa shi ne karanta wasa: sanin inda zai tsaya, lokacin da zai kai hari da lokacin da zai ja da baya, da fahimtar abokin tsayuwarsa. Waɗannan ba a samun su sai da yawan wasa a gaban manya. A matakin yara kuwa, wanda ya riga tsararsa girma yakan danne kowa da ƙirji da tsawo, sai a ɗauka gwaninta ce. Idan tsararsa suka cim masa a girma, fifikon ya gushe. Ga kuma matsalar shekaru, wadda ta sa FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 2009.

Ko Amurka, inda ake kashe maƙudan kuɗi wajen auna matasa, ba ta tsira ba. A gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ƙungiyoyi kan zaɓi 'yan wasan jami'o'i bi da bi a kowace shekara. A 2007 Houston Texans ta ɗauki Amobi Okoye, haifaffen Najeriya, a matsayi na 10 yana da shekara 19, amma bayan kaka huɗu ta sallame shi. Osi Umenyiora, wanda sai a zagaye na biyu aka zaɓe shi a 2003, ya ci babban kofin gasar sau biyu da New York Giants. Aaron Donald, da aka yi wa kallon gajere a 2014, sau uku yana zama gwarzon mai tsaron baya na shekara. Ma'aunin tsawo da nauyi ya sha yaudarar masana.

Wannan ba ya nufin duk yabo ƙarya ne. Kenneth Omeruo ya buga wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 17 a 2009, ya kuma ci kofin Afirka a 2013 yana da shekara 19. Amma ko shi, Chelsea da ta saye shi a 2012 ta rabu da shi a 2019 ba tare da ya buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Ƙungiyoyin da ya je aro ne suka gina shi.

Ga iyaye a Zuru, wannan magana ta wuce hirar gidan kallo. Ƙasar da ta yi suna a kokawa da aikin soja ba ta rasa samari masu ƙira, kuma ƙira ce abin da dillalan 'yan wasa ke fara yabawa kafin su nemi kuɗin biza da na jirgi. Kebbi ba ta da ƙungiya a gasar Firimiyar Najeriya a kakar 2025/2026, don haka alƙawarin tsallakawa Turai kai tsaye yana da daɗin ji. Kafin ɗan kasuwa ya taɓa jarinsa, ko ma'aikaci ya ci bashi a kan albashinsa, ya kamata ya nemi amsa uku. Wasa nawa yaron ya buga daga farko zuwa ƙarshe a gasar manya? Dillalin yana da lasisin FIFA, kuma akwai takardar gayyata daga ƙungiyar da za a iya tuntuɓa? Yaron ya cika shekara 18? Dokar FIFA ta hana sayen ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin nan, in ban da wasu keɓaɓɓun dalilai.

Baiwar matasanmu ba ita ake kambamawa ba, saurin nunarta ake kambamawa, kuma sauri kan haifi nawa. Fredrick da ire-irensa suna buƙatar kaka biyu ko uku na cikakken wasa kafin a ɗora musu rawani. Hanyar da ta kai ɗan Jega Porto ta bi ta rukuni na uku ne, kuma ita ce ta fi kusa da yaron Zuru.