Ina Kuɗin Kirsimeti Yake Kwana?

Watan Disamba yakan zo mana da abu biyu tare, kaka da Kirsimeti. Masara ta bushe, an casa shinkafa, dawa tana shiga rumbu. A wannan wata ne manomi yake riƙe kuɗi mai ɗan kauri a hannunsa. A wannan wata kuma ne kuɗin yake zurarewa kamar ruwa a kwando. Muna so kowace ƙungiyar manoma ta zauna ta tambayi kanta: kuɗin nan, in ya bar hannunmu, a ina yake kwana?

Bari mu bi sawunsa. Manomi ya ɗora buhu biyu na masara a kan babur, ya kai kasuwar Mangu ko ta Saminaka. Kowa ya kawo nasa a rana ɗaya, gama kowa yana neman kuɗin biki. Saboda haka mai saye ne yake yanka farashi. Manyan motoci suna tsaye, suna jiran su kwashe hatsin zuwa Dawanau a Kano, ko zuwa kamfanonin abincin kaji. Kafin la'asar manomi ya karɓi kuɗinsa. Kafin rana ta faɗi ya sayi shinkafar waje, da ɗinkakkun riguna na yara daga ƙasar Sin, da katan na lemon kwalba, da kazar ƙanƙara wadda ba wanda ya san ranar da aka yanka ta. Hatsi ya tafi birni, kuɗin hatsin ma ya bi shi. Abin da ya koma ƙauye shi ne leda da kwalabe.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce ƙauye yana da gidaje 100, kowane gida kuma ya kashe naira 50,000 domin biki. Wannan naira miliyan 5 ke nan cikin mako biyu. Wace ƙungiya ce a cikinmu ta taɓa samun rancen miliyan 5 daga banki ba wahala? Ga shi kuwa kuɗin yana ratsa ƙauyenmu kowace shekara, ba ya ko tsayawa ya sha ruwa. In rabinsa kaɗai ya shiga hannun tela, da mai injin niƙa, da mai kiwon kaji, da matar da take matsar man gyaɗa, ba a nan zai tsaya ba. Tela zai sayi dawa wurin maƙwabcinsa. Mai man gyaɗa za ta biya kuɗin makarantar 'yarta. Mai injin zai biya bakanike. Naira ɗaya ta yi aiki sau uku ko huɗu kafin ta fita gari.

Ba muna cewa a daina murna ba. Manomin da ya sha rana da ruwa wata shida ya isa ya ci nama, 'ya'yansa su sa sabuwar riga su tafi majami'a. Maganarmu ita ce, wurin wa za a saya.

Mu ɗauki shinkafa. Ƙasar Lafiya da Shendam da bakin Binuwai cike take da shinkafa, fadamun wasunmu ma suna ba da ita. Mata sukan ce ta gida tana da tsakuwa. Gaskiya ne, wata tana da ita. Amma tsakuwa ba daga tsiron take fitowa ba. Daga masussuka take shiga, inda aka buga shinkafa a kan ƙasa, aka kuma shanya ta a bakin hanya. Tabarma ko tamfol yakan rage wannan ƙwarai, injinan casa da yawa kuma yanzu suna da abin tsince tsakuwa. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 duk muna nan, mun kuwa ga yadda mutanen birni suka koyi cin shinkafar gida, ba wanda ya mutu. Balle acca, wadda kakanninmu suka ci a ranakun biki, yanzu likitoci suna yabonta, masu kuɗi suna nemanta a manyan kantuna, mu masu nomanta kuwa muna jin kunyar ba baƙo.

Nama kuwa, muna da hanyar da ta fi kowace, wato watanda. Gidaje 20 ko 30 su haɗa kuɗi, su sayi sa ɗaya, a yanka a raba kashi-kashi. Ƙungiyar da ta fara tara kuɗin watanda tun watan Satumba takan sayi sa kafin farashi ya hau. Wadda ta fi wayo takan sayi ɗan maraƙi tun farkon shekara, ta ba ɗaya daga cikin membobinta ya yi turka, ya ci ladan kiwo, takin kuma ya shiga gonarsa. In an zo rabo, a fitar da kashi biyu ko uku domin gwauraye da marayu tun kafin kowa ya ɗauki nasa. A aika musu da shi a rufe, ba sai an kira sunansu a gaban jama'a ba.

Batun tufafi ya fi wuya, kada mu ruɗi kanmu. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, saura da yawa kuma suka bi ta. Yawancin atamfar da ke kasuwa yau daga waje take zuwa. To, yadin ba namu ba ne, amma ɗinkin namu ne. Zumuntar Mata in za ta yi anko, me zai hana a raba ɗinkin ga telolin gari, har da 'yan matan da suka gama koyo suka sayi keke da ƙyar? Mun san abin da za a ce: tela ba ya cika alkawari. Haka ne, akwai masu karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsu. Amma wanda ya kai yadi ranar 20 ga Disamba yana so ya sa ranar 25, shi ma yana da nasa rabon laifin. A kai ɗinki tun Nuwamba, a ba da rabin kuɗi, a sa rana.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Abin da ya fi kashe ƙananan masu sana'a a ƙauye shi ne bashin 'yan'uwa. Mutum ya shiga babban kanti a Jos ko Kaduna, ya biya abin da aka rubuta, bai ce uffan ba. Shi ɗin nan ya dawo gida ya tsaya kan tsohuwa mai daddawa yana ciniki kamar zai sayi doki, a ƙarshe ya ce a rubuta masa sai ƙarshen wata. Mai tebur ba zai iya hana ɗan ƙanwarsa ba, ba zai iya hana dattijon ikkilisiya ba. Kafin Fabrairu jarinsa ya ƙare a littafin bashi. Duk wanda yake so ya taimaki mai sana'a a garinsu, ya fara da biyan tsohon bashi kafin ranar biki. Wannan ya fi kyautar zani.

Masu sana'a su ma su ji. Mudun da aka buga wa gindi, man gyaɗan da aka haɗa da wani mai, farashin da yake ninkuwa da zarar an ga ɗan gari ya sauko daga mota da jaka, waɗannan ne suke korar mutane zuwa birni. Ba za mu roƙi jama'a su saya a gida domin a cuce su a gida ba.

In mun ce mutanen gari, muna nufin dukan mutanen gari. A wurare da yawa mahauci Musulmi ne, tela Musulmi ne, mai kawo nono da man shanu Bafillatana ce. Mun san raunin da ke zukatan mutane. Ba mu manta da hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberen Kirsimeti na 2023 ba, inda aka kashe mutane fiye da 100, aka ƙone gidaje da rumbuna. Duk da haka muna ganin garin da aka raba kasuwarsa gida biyu bai ƙara samun tsaro ba, talauci kawai ya ƙara. Mutanen da suke ciniki da juna kowane mako sun san fuskar juna, sukan kuma ji labari da wuri in wani abu yana tahowa.

Yanzu mu koma kan rumbu, gama a nan ne hatsarin yake. Iyali da yawa sukan sayar da abincin watan Yuli domin su yi bikin kwana biyu. Damina ta yi tsaka, rumbu ya koma fanko, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin yara. Sai a koma kasuwa a auno da mudu abin da aka sayar da buhu. Kafin a ɗaure bakin buhu ko ɗaya domin kasuwa, maigida da uwargida su zauna tare su ƙirga: mudu nawa gidan nan yake ci a mako, mako nawa ya rage kafin sabuwar masara ta nuna? A ware wannan, a ware iri, abin da ya ragu shi ne na sayarwa. Ba muna koya wa kowa ɓoye hatsi domin riba ba. Shekarar 2025 ta nuna cewa farashi ba kullum yake tashi ba, gama bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi a 2024, masara da shinkafa sun faɗi, masu ajiya da yawa suka yi hasara. Amma abincin da za ka ci da bakinka, farashinsa bai dame ka ba.

Ƙungiya tana da aiki a nan. A Jamhuriyar Nijar, tun wajen ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma suna da wata dabara. Manomi yakan kai hatsinsa ɗakin ajiyar ƙungiya a lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba shi rance ƙasa da darajar hatsin. Ya yi sana'ar rani da kuɗin, ya biya, ya karɓi hatsinsa. Ƙungiyar da take da asusu ko adashi mai ƙarfi tana iya gwada wannan da buhu 20 ko 30. Wake da masara ba za su lalace ba in sun bushe sarai aka zuba su a buhun nan mai ninki uku, aka ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska, ba kuwa sai an zuba magani ba.

Ban da kuɗi, Disamba yana kawo mana wata dukiya, wato hannuwa. Makarantu suna hutu. Ma'aikata da 'yan kasuwa da sojoji sun dawo ganin gida. Samari cike da gari, yawancinsu ba abin yi sai zaman bakin hanya da latsa waya. A lokacin kuwa akwai gwauruwar da dawarta take tsaye a gona har yanzu, tsuntsaye da dabbobi suna ci. Akwai tsohon da jinkar ɗakinsa ta zube tun ruwan Agusta. Hanyar da ta haɗa mu da babban titi ruwa ya cinye ta, har direbobi suna ƙara kuɗin kowane buhu, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota ya riga ya ninka. Ciyawa ta bushe kewaye da rumbuna da makaranta, iskar hunturu tana kaɗawa, ashana ɗaya ta mai farautar gafiya ta isa.

Kakanninmu suna da sunan maganin wannan: gayya. Me ya raunana ta? A ganinmu, ciyarwa ce. Gayya ta zama sai mai hali, gama wanda ya kira mutum 30 dole ya dafa abinci, ya dama kunu, a wasu wurare har da burkutu. Wanda ya fi bukatar gayya shi ne wanda ba zai iya kiranta ba. Saboda haka muna ba da shawara a juya ta. Kada a jira gwauruwa ta kira. Ƙungiya ta rubuta gidajen da suke bukata, ta sa rana biyu ko uku tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, kowane iyali ya zo da abincinsa da ruwansa. Mai gona kada ta dafa ko ruwan zafi.

Mun ce iyali, da gangan. Kada a tura samarin Boys' Brigade kaɗai, manya suna zaune a inuwa suna ba da umarni. Uba ya ɗauki lauje, uwa ta ɗauki ƙwarya, ɗan da ya dawo daga jami'a ya ɗauki dami a kai. Yaron da aka haifa a Abuja, wanda bai san bambancin dawa da gero ba, a ba shi kwando ya yi kala. Zai yi kukan ƙaiƙayi, ba kome, zai warke. Wanda ya koyi aikin jinya ya zauna rabin yini ya auna jinin tsofaffi. Wanda ya koyi lissafin kuɗi ya duba littafin ƙungiya tare da ma'aji, gama littattafanmu da yawa suna bukatar ido na biyu.

Sai dai a lura da abu guda, kada gayya ta cinye abincin mai sana'a. In gidan mai hali ne yake son gyara, ya kira magini ya biya shi. In ikkilisiya tana da kuɗin benci, ta ba kafintan gari, kada ta ce ya yi kyauta domin shi memba ne. Aikin kyauta na wanda ba shi da abin biya ne, da kuma abin da yake na kowa, kamar hanya da bakin rijiya da sharar gobara. Fartanya da lauje da za a yi aikin da su ma, a saya wurin maƙerin gari.

Taron ƙungiya na farkon Disamba shi ne lokacin shirya wannan duka. Sakatare ya zo da takarda biyu. A ɗaya a rubuta wanda yake da kaji, ko akuya, ko shinkafa, ko acca, ko man gyaɗa na sayarwa, da farashinsa, a manna a ƙofar majami'a da wurin injin niƙa, a kuma aika wa 'yan gari da ke birni ta waya tun kafin su yi sayayya su taso. A ɗayar a rubuta gidajen da za a yi wa gayya da ranakunsu. Wannan ta biyu kada a manna ta ko'ina, ta zauna a aljihun shugaba.