Mu Taimaki 'Ya'yanmu Su Zurfafa Ilimin Gashin Ƙashi

'Yan'uwa, da wuya a sami ikilisiya a Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha da ba ta da mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda hatsarin babur ya kwantar. Asibiti yakan sallame su, amma koyon tafiya da riƙe cokali aiki ne na watanni, kuma aikin masu gashin ƙashi ne.

Duk da haka, idan yaro ya gama digirin farko ya ce zai koma digiri na biyu na bincike, sai mu ce ya nemi aiki tukuna. A ganinmu wannan kuskure ne. Yawancin littattafan fannin an rubuta su ne don gidajen Turai. Wa zai bincika yadda za a kula da majinyaci a ɗaki ɗaya na haya, mai masai na tsuguno, in ba ɗanmu ba?

Jami'ar Ibadan ta fara digirin wannan fanni a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana ba da digiri na biyu. An tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, amma waɗanda ta gurgunta suna nan tare da mu.

Saboda haka muna roƙon dattawa su ware wani abu daga baiko kowace shekara domin ɗalibi ko da guda ɗaya. Iyalai kuma su karɓi masu bincike idan sun zo da tambayoyi. Ubangiji ya ba mu ikon yi.