Karatun Masu Juna Biyu, Wa Ya Fi Bukatarsa?

Ga wata magana da a ke ta jayayya a kanta a zauruka da rumfunan kasuwa. Ita ce ta karatun nan da malaman asibiti su ke yi wa mata masu juna biyu ran awo, kafin a fara auna su. Waɗansu magidanta suna cewa ɓata lokaci ne: mace ta bar girki tun da sassafe, a biya mata kuɗin mota, ta zauna bisa benci har azahar, wai don a koya mata abin da kakarta ta yi sau goma a ɗaki ba da darasin kowa ba.

Ba za a ce maganarsu ba ta da tushe sam ba. Irin wannan karatu a Turai ya shahara. Wani likita na Faransa, Fernand Lamaze, ya yaɗa shi bayan da ya ziyarci Rasha a 1951, yana koya wa mata yadda za su riƙa jan numfashi in naƙuda ta kama. In da iyakarsa ke nan, da mai rainawa bai yi laifi ƙwarai ba, gama jan numfashi yana kwantar da hankali, amma ba ya tsai da jini.

Abin da a ke karantarwa a asibitocin ƙasar Hausa ya wuce wannan. Ana koya wa mace ta rarrabe tsakanin laulayin da a ke haƙuri da shi da alamar da ba a kwana da ita a gida. Ciwon kai mai tsanani, da ganin hazo-hazo, da kumburin fuska da hannuwa, su ne 'yan gaban jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke kawowa. Sau da yawa in ta buge mace sai a ce iska ce, a shiga turare da tofi har gari ya waye, alhali kuwa akwai allurarta a asibiti, kuma awon jini na minti biyu ya kan nuna ta tun ba ta iso ba. Zubar jini bayan haihuwa ya fi ta gaggawa, yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Naƙudar da ta gagara ta daɗe ƙwarai kuwa, ko mace ta tsira da rai, kan jariri ya kan danne mafitsara a jikin ƙashi har wurin ya mutu ya huje. Wannan shi ne yoyon fitsari, wanda a ke yi wa mata aikinsa a Babbar Ruga ta Katsina. Wanda ya san yawan matan da aka saki saboda shi ba zai kira sanin wannan ɓata lokaci ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Wadda a ke karantarwa ba ita ke da ikon fita ba. A 1994 waɗansu masana biyu, Thaddeus da Maine, sun nuna jinkiri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun maigida su ke. Shi ke ba da izini, shi ke da kuɗi, shi ke neman mota da tsakar dare. In yana fatauci a Legas ko Agadas, bai bar izini ba, bai bar ko sisi ba, sai mata su zauna suna kallon juna. Ga kuma kunya: mai cikin fari ba ta faɗin ciwonta gaban surukai, ta kan danne naƙuda har ta gagara. Falken da ba ya ɗaura kaya sai ya tambayi labarin hanya, ya tanadi guzuri, ya san zangon da zai sauka, yaya zai bar iyalinsa ga tafiyar wata tara bai san alama ko ɗaya ba?

Masu cewa zancen ciki da jini bai kamaci namiji ba, su tuna malamai suna karantar da hukuncin haila da na biƙi a cikin Risala, gaban almajirai manya da ƙanana, ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Wanda ya san kwanakin da mai jego ke barin salla, bai kamata ya jahilci yawan jinin da ke halaka ta ba. A jihar Damagaram ta Nijar an buɗe makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke taruwa su tattauna awo da haihuwa, su kuma ja hankalin 'yan'uwansu. Mazan can ba su rage daraja ba don wannan.

Su ma asibitoci da nasu laifin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da zuwa awo sau 8 a 2016, a maimakon 4 na da, amma macen da aka daka wa tsawa gaban jama'a ran zuwan fari da wuya ta koma na biyu. Sau da yawa karatun ya kan zama waƙa da tafi cikin cunkoso, ta baya ba ta jin ta gaba, namiji kuwa ko wurin zama ba a tanadar masa ba. Ɗan kasuwa ba zai rufe rumfa da hantsi ba. Da za a keɓe wa maza zama ɗaya bayan la'asar, a zauren mai unguwa, malamin asibiti ya zo, liman ya halarta, a gaya musu alamomin nan, da wanda za a tanada don ba da jini, da direban da za a buga wa waya da dare, da izinin da mai tafiya zai bari kafin ya tashi, da rabin sa'a ta isa.