Waƙa A Fim Ɗin Soyayya: Ado Ce Ko Ginshiƙi?

A unguwar Gamboru ta birnin Maiduguri na tashi, inda Barebari da Shuwa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya. A wajen shekarar 2000, da wuya mutum ya ratsa kasuwar Gamboru bai ji waƙar fim ɗin Sangaya na tashi daga shagon mai sayar da kaset ba. Na sha ganin yaran da Hausa ba ta zauna a bakinsu ba suna rera ta tun kafin su kalli fim ɗin. Tun lokacin nake tambayar kaina: me waƙa ke yi a fim ɗin soyayya?

Wasu na cewa kwaikwayon Indiya ce kawai. Ban musa ba, domin Hausawa sun daɗe suna kallon fina-finan Indiya a silima, kuma manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan tasiri. Amma aro ba ya zama a inda ba a bukatarsa. Bahaushe mutum ne mai kunya. A fim ɗinmu saurayi ba ya rungumar budurwa, ita kuma ba ta kallon idonsa ta ce tana son sa. Abin da kunya ta hana baki faɗa, waƙa ce ke ɗaukarsa. Shi ya sa ake yin ta da muryar namiji da ta mace, wannan ya bayar, waccan ta amsa.

Kiɗan ma yana da nasa aiki. Idan fiyano ta sassauta, aka shigo da sautin sarewa, mai kallo ya san bege ne ko rabuwa. Idan kiɗa ya yi sauri da amon kalangu, to biki ya zo. Idan kuma karin da masoya suka rera ranar haɗuwa ya dawo a hankali ranar da aka ɗaura wa yarinya aure da wani, ba sai an yi magana ba, jigon ya fito.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasu furodusoshi kan fara sayen waƙa, sannan su nemo labarin da za su rataya mata. Sai ka ga ana tsakiyar makoki, kwatsam an koma lambu ana rawa. Irin wannan ne ya ba masu suka ƙofa, musamman bayan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A ganina, cire waƙa gaba ɗaya ba shi ne magani ba. A bar wadda labari ya haifa, a yar da wadda kasuwa ta cusa.

Mu ɗaliban harshe kuwa, bai kamata mu raina waɗannan waƙoƙi ba. Akwai amsa-amo da kamance da jinsarwa a cikinsu, kuma sun koya wa yaran Gamboru Hausar da aji bai koya musu ba. Mu nazarce su kamar yadda muke nazartar Shata da Aƙilu Aliyu, mu ware tsaba daga ƙaiƙayi.

Allah Ya sa mu dace, amin.