Duniya Makaranta: An ɗaga mota, an manta birki

A ƙasar Dakwaro da Tanut, da ta Keita da Buza, mota kat-kat ita ce jakin kasuwa. Ita ke ɗaukar hatsi da albasa da tumaki, da mutane bisa kaya. Yawancinsu Toyota ne, Hilux ko Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a shekarar 1984.

Saboda rairayi da nauyin kaya, masu motoci suna ƙara ƙarfen resor a baya. Mota ta ƙara tsawo, cikinta ya bar taɓa ƙasa. Wannan dabara ce mai kyau. Amma akwai abu guda da ake mantawa, shi ne ma'aunin birki.

Mene ne ma'aunin birki? Wani ɗan ƙarfe ne da ke manne a jikin shasi, can baya. Man birki yana bi ta cikinsa kafin ya kai ga ƙafafun baya. Wata siririyar sanda ta haɗa shi da babban ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. In an yi lodi, mota takan zauna, sanda ta tura ma'auni, shi kuma ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In an sauke kaya, mota ta tashi, sai ya rage ƙarfin, don kada ƙafafun baya su ƙulle.

To, ma'auni ba ya da ido. Ba buhu yake ƙirgawa ba, tsawon mota kawai ya sani. In an ɗaga mota, ko da buhu 10 na hatsi a kanta, shi a ganinsa ba ta ɗauke da komai. Sai ya hana birkin baya ƙarfi. Yawancin aiki ya koma kan ƙafafun gaba. Birkin gaba ya yi zafi, ya ci da wuri. Direba ya taka, mota ba ta tsaya inda ya so ba. A gangaren duwatsun Adar, ko in garken shanu ya gitta hanya, taki biyar ya isa ya raba rai da mutuwa.

Gyaran ba ya da wuya, kuɗinsa bai kai na ƙafar mota guda ba. Ga abin da makaniki zai yi:

1. Ya auna yawan ɗagawar da aka yi.
2. Ya ɗaga mazaunin sandar daga ƙasa daidai da haka. In an ɗaga mota santimita 5, shi ma santimita 5.
3. Ya duba tiyon roba na man birki. In ya miƙe tsam, a sa mai tsawo, don yana iya tsinkewa a rami.
4. In an kwance tiyo, ya fitar da iska. Ma'auni ma yana da tasa ƙofar fitar da iska.
5. Ya gwada birki a hanyar da ba kowa, sannu-sannu, da kaya da kuma babu kaya. Kada ƙafafun baya su riga na gaba ƙullewa.

Wasu sukan ɗaure sandar sama da waya, wai birki ya kama sosai. Wannan gudun gara ne, a faɗa gidan zago. Ranar da mota ta dawo fanko, ƙafafun baya za su ƙulle, gindinta ya juyo gaba, ta kife.

Sababbin motoci masu ABS galibi ba su da wannan ma'auni. Tsofaffin ne ke da shi, kuma su ne suka fi yawa a karkara.

Manomi ba makaniki ba ne, amma ransa da dukiyarsa ke cikin motar. In ƙungiyar gari za ta ɗauki hayar mota mai tsawon ƙafa, tana da ikon tambayar direba: an gyara ma'aunin birki? Direban kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban garinsu da yaron motarsa. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.